Kasuwata sanyi ne, ciwon yarona ma sanyi ne

Ni dai sana'ata saƙa ce, da kwarashi nake yi, kayan jarirai, hula da safa da rigar sanyi da shawul. Yarana uku, babbar mace ce shekararta 13, na tsakiya namiji 9, sai auta da ko 4 ba ta cika ba. Na tsakiyan nan sikila ne. Duk wadda ta san sana'ar nan kuma ta san ciwon nan ta riga ta gano inda gizo ke saƙar tun ban faɗa ba, ranar da iska ta fara kaɗawa wayata ta fara ƙara, wannan na son seti biyu waccan na tambayar ko akwai shuɗi, toh ranar ce kuma nake fara ɗaga fuskar yaro ina duba farin idonsa ko ya koma ruwan ɗorawa, ina lura da yadda yake taka ƙafa in ya tashi daga barci.

Da can saƙar nan ba komai ba ce illa abin rage zaman banza, in yi wa 'yar uwa kyauta, wata ta gani ta ce a yi mata ta ba ni kuɗin ulu. Sai aka rage ma'aikata a wurin aikin Abbansu, sunansa ya fito a ciki, ya koma buga-buga yau a samu gobe a rasa, shikenan abin wasa ya zama shi ne wani lokacin ke riƙe da gidan. Ba shiri na yi ba, ban taɓa zama na ce zan buɗe sana'a ba, tsintar kaina na yi a ciki.

Ciwon kuma tun yana wata 8 muka sani, hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura yana ta tsala ihu in an taɓa, aka yi gwaji aka ce SS ne, wato sikila, aka gwada mu ni da babansa duk AS, wato muna ɗauke da ƙwayar ciwon amma ba ma ciwon. Ni a lokacin da na ji ana cewa ɗaya cikin huɗu na ɗauka in ka haifi huɗu ɗaya ne zai fito da shi, sai da likita ya zaunar da ni ya ce a'a kowane ciki lissafinsa daban, kamar sabuwar ƙuri'a ce duk lokacin. Shi ne kuma ya yi min bayanin da har yau nake riƙe da shi, ya ce ƙwayar jinin mai lafiya a zagaye take da laushi, tana kai wajen kwana 120 tana aiki, ta yarona kuwa lanƙwashewa take kamar lauje kuma kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake. In sanyi ya taɓa shi jijiyoyi su tsuke, lanƙwasassun nan su cunkushe hanya, jini ya kasa wucewa, wannan azabar da yake ji a ƙashi daga nan take. Rashin shan ruwa ma na tayar da shi, zazzaɓi ma haka, gajiya ma haka, amma mu dai a gidanmu sanyi ne babban abokin gaba.

Shekarar farko da na ɗauki abin da gaske, shekara uku kenan yanzu, na karɓi oda 14 a cikin kwana goma, kuma kuɗi cif nake karɓa ba rabi ba, alat na shigowa ina murna ina cewa Allah ya kawo mana mafita. Kowa na ce mata sati shida. Ban lissafa komai ba wallahi, kawai ji nake hannuna na da sauri.

Na gama uku ina kan na huɗu, wani dare wajen ƙarfe 2 na ji yaron yana kiran Umma a hankali, irin kiran nan da ba ya son ya tashi 'yan uwansa, na taɓa shi jiki rau, na sa ma'aunin zafi ya nuna 38.7. An sha ja mana kunne cewa mai sikila in zafin jikinsa ya kai 38 ba a jiran gari ya waye ba a cewa bari a ba shi farasitamol a gani, don haka muka kwashe shi sai imajansi. Aka ba mu gado. Kwana 9 muka yi, ƙarin ruwa, allurai, rana ta huɗu jininsa ya faɗi aka yi masa ƙarin leda ɗaya. Kuma duk takardar da aka miƙo, je ka biya wannan je ka sayo wancan, daga akawun ɗina ake cira, akawun ɗin da kuɗin mutane ke ciki haɗe da na gida ba wani bambanci. Ban ma tsaya tunanin kuɗin waye ba, ɗanka na murƙususu a gado wa zai tsaya wannan tunanin. Aka sallame mu na dawo gida da oda 11 a kaina, kuɗin ulu babu.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da na fi jin kunyarsa, kuma ba zan ɗora wa ciwo laifin ba, nawa ne. Ɓuya na yi. Na kashe alamar nan mai nuna an karanta saƙo, sai in buɗe in karanta in rufe gabana na faɗuwa, a kira in kifa wayar. Wata baiwar Allah da ta gaji ta turo min saƙon murya, har yanzu ina jin muryarta, ba zagi ta yi ba, da ma zagin ta yi da ya fi min sauƙi, cewa ta yi haba 'yar uwa, jaririn da na ba ki aikinsa fa har ya fara riƙe wuya, ko kin kawo yanzu ina zai shiga. Gaskiya ta faɗa, kan jariri sabon haihuwa wajen santimita 34 zuwa 35 ne, kuma a watannin farko girma yake da sauri, hular da aka auna masa a satin farko ba ta jiran kowa.

Yayata ce ta zo duba yaro ta same ni ina kuka a kan wayar. Ta karɓa ta karanta, ta ce ke yanzu da kike ɓuya kuɗin ne zai dawo ko saƙar ce za ta saƙa kanta, kin ci ladan kuturu ai dole ki yi masa aski. Na ce Yaya me zan ce musu. Ta ce abin da ya faru za ki ce, kuma kira za ki yi ba rubutu ba, ina zaune a nan. Haka ta tsare ni na kira su ɗaya bayan ɗaya, bakina na rawa. 7 suka ce Allah ya ba shi lafiya za su jira, wasu ma suka ce a ƙara girman kayan kawai, 4 suka ce kuɗinsu suke so, ɗaya a cikinsu ta wanke ni tas kuma ban ga laifinta ba. Yaya ta ranta min kuɗin ulu, masu son kuɗinsu kuma da kaɗan-kaɗan na biya, wata huɗu na ɗauka kafin na fita.

A cikin wannan rububin ne kuma wani shawul ya koya min karatu. Na kai rabi ulun ya ƙare, na aika aka sayo min irinsa, kamfani ɗaya kala ɗaya, na ci gaba da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki ban ga komai ba, sai da safe na shimfiɗa shi a haske na ga layi ƙiri-ƙiri a tsakiya, rabi ya fi rabi duhu. Ashe a jikin takardar da ke naɗe da ulu lamba biyu ce, ɗaya ta kala ɗaya ta zubin rinin, in zubin ya bambanta ko kala ɗaya ce sai an ga alama. Aikin kwana uku na zauna na warware da hannuna, auta na ja min zaren tana dariya ita wasa ta samu. Tun daga ranar duk aikin da zan fara sai na sayi ulunsa gaba ɗaya lokaci guda, in ƙara dunƙule ɗaya a kai.

Da ƙura ta lafa na sayi littafi na fara abin da ya kamata in yi tun farko. Sati biyu ina kunna agogon waya duk lokacin da na ɗauki kwarashi, in kashe in na ajiye, ko tashi na yi raba faɗa sai na kashe. Hula awa ɗaya da rabi take ci min, safa awa biyu, rigar sanyi kusan 8, shawul kuwa 20 har da ɗoriya in mai ado ne. Wannan bai ba ni mamaki ba sosai, wanda ya ba ni mamaki shi ne awannin da nake samu a rana, ni a raina ina ganin ina saƙar awa 6, ashe tsakanin shirin makaranta da girki da wanki da Umma kin ga wannan Umma kin ga wancan, da ƙyar nake haɗa 3. Wato a sati wajen awa 20. Na koma na lissafa odar nan 14, biyar cikakken seti da shawul sauran babu shawul, suka tashi wajen awa 260, sati 13 kenan, ni kuma na ce wa mutane sati shida. Kenan ko yaro ko atishawa bai yi ba dama can ba zan cika alkawarin nan ba. Na daɗe zaune ina kallon lissafin nan, don duk watannin nan ina gaya wa kaina jinya ce ta karya ni.

Daga nan na ƙara kuɗin aiki, na sa awannina a ciki ba kuɗin ulu kawai da ɗan abin da ya hau ba. Wasu suka gudu, suna cewa ai ga na kanti nan da araha. Na daina jin haushi, nakan dai ce musu wancan inji ne ya saƙa, shi kuwa aikin kwarashi har yau ba injin da ke yinsa, duk maɗaukin da kika gani hannun mutum ne ya ja shi. Mai so ta tsaya mara so Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Kuɗi kuma na raba shi gida uku, jari, cefanen gida, sai na asibiti, kowanne wurinsa daban. Kafin alƙalami rabi kawai nake karɓa kuma ba na taɓa shi sai don sayen ulun mai shi, a wurina kuɗin nan ba nawa ba ne sai kaya sun isa hannunta. Faɗar abin da sauƙi. Ranar farko da aka gwada ni Abbansu ne da kansa, an koro babbar kan kuɗin makaranta, ya san akwai kuɗi a wurina don a gabansa alat ɗin ya shigo, ya ce ki ba ni aro zuwa ƙarshen wata. Na ce Abbansu ka yi haƙuri wannan na mutane ne. Ya yi shiru ya ce yanzu ni ne ba ki yarda da ni ba. Wallahi maganar ta soke ni, mutumin da shekara da shekaru bai taɓa bari mun nemi abu mun rasa ba. Na ɗauko littafin na buɗe masa shafin bashin bara, sunaye da abin da na biya kowane wata, na ce ka ga ramin da muka fito, ba zan iya komawa ba. Kwana biyu muna 'yar gaisuwa sama-sama. A ƙarshe daga kason gida muka cire rabi, ya je ya roƙi makaranta su jira sauran, watan nan mun ji jiki amma ba wadda ta kira ni tana neman kayanta. Yanzu shi ke kai min saƙo wurin masu dilibari, har yana min faɗa in na yi ragi da yawa.

Babban canjin dai shi ne na juya kalandar. Saƙar sanyi yanzu da zafi nake yinta, lokacin da ba mai tambaya kuma jikin yaro ya fi zama lafiya, ina gumi ina saƙa rigar sanyi maƙwabta na min dariya. Girma uku nake yi, na sabon haihuwa, na wata uku zuwa shida, da na wata shida zuwa shekara, kaloli kuma waɗanda za su shiga mace su shiga namiji, in wanke in shanya in ƙulle a leda saboda ƙura. In sanyi ya shigo sai dai in ɗau hoto in sa a sitatus, wadda ta biya yau gobe kayanta sun tafi ko ina gida ko ina asibiti. Odar musamman kuwa ba na haɗa fiye da 3 a lokaci ɗaya, kuma duk ranar da na lissafa zan gama sai na ƙara sati guda a kai, wannan satin na yarona ne, in bai buƙace shi ba kwastoma ta samu kayanta da wuri ta yi ta godiya. Illar tsarin ita ce jari na kwanciya wata huɗu biyar ba ya motsi, kuma akan yi kuskure, bara na zuba kore da yawa ni a ganina ya yi kyau, har yanzu guda shida na nan suna kallona.

Akwai jaka da ke rataye bayan ƙofa kullum a shirye, katin asibitinsa, ma'aunin zafi, caja, safa da bargo, robar ruwa, sai kwarashi ɗaya da dunƙulen ulu mai duhu don fari ba ya zuwa asibiti. Daɗin kwarashi kenan, maɗauki ɗaya ne tak a buɗe, ki soka masa fil ki jefa a jaka, bayan kwana uku ki ɗora daga inda kika tsaya. Na ɗauki wannan a matsayin dabara har ina alfahari, ga ni ina jinya ga ni ina aiki. Sai wani kwanciya da muka yi, ciwon ya sauka a bayansa, an yi masa allura ana jiran ta kama shi, ina gefen gado ina ƙirga layi a zuci don in na ɓata ƙirgen sai na warware, ya ce Umma, na ce ina zuwa, ya sake cewa Umma, na ɗaga masa yatsa alamar ya jira in kai ƙarshen layi. Da na ɗago ya juya fuska bango hawaye na bin gefen hancinsa, ya ce dama so nake ki danna min nan, amma gama. Wannan gama ɗin da ya faɗa, ba da fushi ba, kamar wanda ya saba jira, ita ce ta sa na tura saƙar ƙarƙashin gado ban sake taɓa ta ba har aka sallame mu. Yanzu jakar na nan da kwarashinta, amma sai ya yi barci nake cirowa.

Wata ƙawata ta taɓa ba ni shawara in riƙa sa hotonsa a gadon asibiti a sitatus, wai mutane za su tausaya su saya. Sau ɗaya na sa hoton hannunsa da allurar ƙarin ruwa, kuma ciniki ya zo ba ƙarya, amma da ya warware yana duba hotuna a wayata ya tambaye ni su wa suka gani, na rasa amsa. Ban ƙara ba.

Wadda na fi zalunta ban sani ba ita ce babbar. In muna asibiti ita ce uwar gidan, ta yi wa auta wanka ta goya ta, ta amsa saƙon kwastoma, ta ɗau hoton kaya don ta fi ni iyawa, kowa na yabonta yarinya mai hankali ni ma ina yabo. Sai malamarta ta aiko a gaya min tana barci a aji. Na zaunar da ita ina mata faɗa, ta bari na gama ta ce Umma ni wani lokacin ji nake da ma ni ce mara lafiyar. Na ce subhanallahi me ya kawo wannan magana. Ta ce shi in ya ce wash kowa ya taso, ni ko kaina ke ciwo sai ki ce in sha magani in duba miki waya. Ban iya ce mata komai ba a daren.

Na karɓe wayar daga hannunta kwata-kwata, na koma WhatsApp Business na saita saƙon da ke amsawa da kansa in ba na kusa, mai haƙuri ta jira. In an ba mu gado yanzu Yaya ke ɗaukar auta. Aikin da ya rage mata a sana'ar shi ne naɗe ulu da yin tuntun hula ranar da ba makaranta, kuma biyanta nake, tana da shafinta a littafin. Bayan ƙannen sun kwanta nakan ajiye komai mu yi hira ko ta rabin awa ce, wani daren ta yi ta zuba wani daren ta ce barci take ji. Ba zan ce ya gyaru duka ba, har yanzu in ta ji ya yi tari da dare kafin in tashi ta riga ni zuwa kansa.

Shi kuma alhamdulillah tun da likitansa ya ɗora shi kan haidiroksiyuriya, bayan folik asid ɗin da dama yake sha kullum, tashin ciwon ya ragu sosai. Maganin yana sa jiki ya ƙara yin irin jinin nan da jariri ke zuwa da shi daga ciki, wanda ke hana ƙwayoyin saurin lanƙwashewa, sai dai ba a shansa da ka, dole ana zuwa gwajin jini akai-akai ana duba yadda yake karɓarsa, kuma kuɗinsa duk wata ne ba fashi. Kason asibitin nan da nake warewa yawanci can yake tafiya. Sanyin da ya wuce sau ɗaya muka kwana, kwana 3, kuma ko saƙo ɗaya ban ɓoye wa ba.

Ana cikin haka wata rana yana zaune yana kallona ina haɗa seti a leda ya ce Umma wai ni me ya sa ba ki taɓa saƙa min ba. Na buɗe baki in ce na taɓa, sai na tuna tun yana jariri rabon da in yi masa ko hula, rigunan sanyinsa duk na kanti ne, yaron da ya fi kowa buƙatarsu a gidan. Na tattaro ragowar shuɗin ulu na ayyukan baya na yi masa riga, sati uku ina yi a ɓoye da dare. Da yake ragowa ne zubin rinin ba ɗaya ba, hannun hagu ya ɗan fi na dama haske, na ce ba mai lura. Ya sa ya tafi makaranta yana ta fankama, ya dawo da ita a cikin jaka, wai na kusa da shi a aji ya ce rana ta cinye masa hannu ɗaya. Yanzu a gida kawai yake sawa, kuma ya ce in zan yi masa wata in sayi ulu sabo, kuma baƙa yake so, kuma in rubuta sunansa a littafin oda kamar kowa. Na rubuta, shi ne na biyu a layi, bayan wani shawul fari.